Ƙarin albashi ya tsaya a ƙofar gida: zaman ƴan aikatau da iyayen ɗakinsu a biranen Nijar

Tun da hukumomin Nijar suka tsai da shawarar ɗaga albashi mafi ƙaranci, wanda aka fi sani da SMIG, daga sefa 30.047 da aka daɗe a kai tun shekarar 2012 zuwa jika 42, muhawarar ta fi karkata ga ma'aikatan kamfanoni da leburori da masu gadin shaguna. Ba a cika jin wanda ya ambaci yarinyar da ke tashi tun kiran assalatu ta hura wuta, ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, sannan ta goya jariri har uwarsa ta taso daga aiki ba. Alhali kuwa idan aka bi dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumban 2012, ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa ƙarfinsa ƙarƙashin umarnin wani domin a biya shi, ko wannan wanin kamfani ne ko mutum ɗaya. Babu inda dokar ta ce ban da wanda wurin aikinsa madafa ce.

Abin da ake biya a zahiri kowa ya san shi a unguwarsu. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƙaramar yarinya da ta zo daga ƙauye takan samu jika biyar, ko bakwai, ko goma a wata, a ce ai tana ci tana kwana a gidan. A Yamai kuɗin ya ɗan fi haka, musamman ga manyan mata da suka iya girki da guga. Amma gidan da ake ba ƴar aiki cikakken SMIG, tsohon ma balle sabon, sai an tona.

Ƙarancin kuɗin matsala ce, amma ba ita ce ta fi kai mutane gaban mai unguwa ko komisariya ba. Abin da ya fi haddasa rikici shi ne yadda ake ƙulla zaman tun ranar farko: ba a faɗi aikin ba, ba a faɗi ranar hutu ba, kuma sau da yawa kuɗin ma ba hannun mai aikin yake shiga ba.

Daga girbi zuwa saukar damina

Aikatau a ƙasar Hausa yana bin kalandar noma. Da an kai hatsi rumbu, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, samari su tafi cin rani, ƴan mata kuma motocin kasuwa su sauke su a birni. Masu zuwa Maraɗi sukan fito daga yankunan Tasawa da Mayahi da Dakoro da Gidan Rumji, na Damagaram daga Mirya da Magarya da Kance, na Tawa daga ƙauyukan Adar. Yamai kuwa tana janyowa daga ko'ina: Zarmaganda, Doso, Dogon Dutsi, har da matan Togo da Benin da suka yi suna wajen girki da tsabta, kuma suka fi tsada.

Yawancin ƴan matan ba don zama suka zo ba. Kayan ɗaki suke nema: kwanuka, tasoshi, zannuwa, katifa. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke nuna cewa kusan ƴan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su kai shekara 18, uwar da gonarta ba ta ciyar da gidan wata shida ba, ba ta da inda za ta samo kayan da za ta fita kunyar ɗiyarta ranar kai amarya. Sai ɗiyar ta tafi ta nemo da kanta. Wannan ne ya sa shekarun ƴan aikin ke yin ƙasa: mai shekara 16 ta riga ta yi aure, mai 11 ko 12 ce ke zuwa.

Tsakanin ƙauye da gidan birni kusan kullum akwai mace ta uku, dillaliya. Ƴar garinsu ce da ta daɗe a birni, ta san gidaje, ta san iyayen yaran. Ita ke yin ciniki, ita ke cewa "Hajiya, ga yarinya na kawo miki, ba ta da ƙiwa", kuma a gidaje da yawa ita ke zuwa ƙarshen wata ta karɓi kuɗin. Wasu dillalan masu amana ne, su ne ma kaɗai gatan yarinyar idan aka zalunce ta. Wasu kuma suna da yara goma ko fiye a gidaje daban-daban, suna cire rabonsu daga kowace, kuma su ne ke zuga yarinya ta bar gida ba sallama idan aka yi musu tayin da ya fi tsoka a wani wuri, domin kowane sabon gida sabon la'ada ne.

Ajiyar da ke zama igiya

Al'adar da ta fi kowace tasiri a wannan zama ita ce ajiya. Ba a ba yarinya kuɗinta wata-wata. Uwar ɗaki ce ke riƙewa, sai ranar komawa gida a yi lissafi, ko a tafi kasuwa tare a sayo kayan.

Ba daidai ba ne a ce mugunta ce kawai ta haifar da wannan. Sau da yawa yarinyar da kanta ke cewa "Inna, ki ajiye mini", domin ba ta da akwati mai makulli, kuma ta san idan kuɗin na hannunta wani ɗan'uwa da ke yawon cin rani a garin zai zo ya ranta bai mayar ba. Uwar ɗaki ma tana da dalilinta: kuɗin da ke hannunta shi ne kaɗai abin da zai hana ta wayi gari ranar Litinin ta tarar yarinya ta ɗaure kayanta ta tafi, ga yara uku, ga aiki na jiran ta ƙarfe takwas.

Sai dai abin da ya fara a matsayin taimako yana rikiɗewa ya zama igiya. Yarinyar da ke bin bashin wata biyar ba ta iya tafiya ko da ana dukanta, ko da maigidan ko babban ɗan gidan ya fara shigar mata ɗaki da dare, domin tafiya na nufin barin guminta duka. Kuma da yake babu abin da aka rubuta, ranar lissafi ƙwaƙwalwar babba ce ke karo da ta yaro. A nan ake tuno farantin da ya fashe a watan azumi, da takalmin da aka saya mata da Sallah wanda ta ɗauka kyauta ce, da kuɗin maganin zazzaɓi. Jika sittin ta koma arba'in. Mafi muni shi ne zargin sata da ke ɓullowa daidai lokacin da yarinya ta ce za ta tafi: sarƙa ta ɓace, ko salula, kuma kuɗin ajiya ya tafi a biyan abin da ba wanda ya tabbatar ta ɗauka. Sata na faruwa a gidaje, ba mai musun haka. Amma zargin da ba ya tashi sai ranar biya, ya cancanci a dube shi da ido biyu.

A gidajen da dillaliya ko iyaye ke karɓar kuɗin kai tsaye, lamarin ya ɗauki wata fuska. Yarinya na aikin da ba ta taɓa ganin ladansa ba, don haka ba ta da abin da zai sa ta ƙara himma, uwar ɗaki kuma ta yi ta ƙorafin ƙiwa da taurin kai.

"Ai ɗiyata ce"

Da wuya a tambayi matar gida game da ƴar aikinta ba ta ce "ai ɗiyata ce" ba. A wasu gidajen gaskiya ne. Akwai matan da suka yi wa ƴan aikinsu kayan ɗaki fiye da abin da albashin zai saya, suka raka su har ƙauye ranar biki, zumunci ya ɗore har ƴaƴa. Al'adar riƙo tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma ta raya marayu da yawa.

Amma kalmar tana da amfani biyu, kuma na biyun ne ke cutarwa. Ɗiya ba a yi mata albashi, ba ta da lokacin tashi daga aiki, ba ta cewa yau hutuna ne. Idan an kira ma'aikaciya ɗiya, duk waɗannan sun faɗi. Abin da ya kamata ya maye gurbinsu shi ne gatan da ɗiya ke samu: a sa ta makaranta, ta ci abin da ƴan gida suka ci a lokacin da suka ci, a kai ta likita, kuma ba a korar ta da tsakar dare don ta ƙona miya. Gidan da ya cire mata haƙƙin ma'aikaci bai kuma ba ta gatan ɗiya ba, ya ci riba biyu. Gane irin wannan gida ba shi da wuya. Da safe yaran gida na saye da kayan makaranta, sa'arsu kuma na biye da su ɗauke da jakunkunansu, ta kai su ƙofar makaranta ta juyo.

Haka abin yake ga almajirin gida, wanda ke ɗebo ruwa, ya zubar da shara, ya je cefane, a sallame shi da ragowar tuwo. Shi ko sunan ɗan aiki ba a ba shi, don haka maganar albashi ba ta taso ba.

Tarihin shari'a a Nijar ya nuna inda canza wa aiki suna ke iya kaiwa idan ya yi nisa. Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan jika 240 a yankin Ƙonni, ta shafe shekaru tana aikin gida da na gona ƙarƙashin sunan wahaya, wato macen da ake ƙarawa bayan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ba. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara, kuma ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Aikatau ba bauta ba ne, kuma haɗa su zalunci ne ga dubban gidajen da ke biyan haƙƙi. Abin da shari'ar ta tabbatar shi ne, sunan da gida ya laƙaba wa mutum ba ya hana alƙali duba abin da ake yi da shi a zahiri. Nijar dai ta kammala ficewa daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, saboda haka nauyin irin wannan hukunci yanzu ya koma kan kotunan cikin gida.

Uwar ɗakin ma ba a kan gadon zinariya take ba

Masu sukar iyayen ɗaki sukan zana hoton wata hamshaƙiyar Hajiya a Plateau ko Koira Kano. Irinta na nan, amma ba ita ce mafi yawa ba. Mafi yawan masu ɗaukar ƴan aiki su ne malamar makaranta, da ungozomar asibiti, da sakatariya, da mai sayar da abinci a bakin tasha. Malamar kwantiragi a firamare, wadda abin da take karɓa bai kai jika ɗari ba, idan aka ce ta ba ƴar aiki jika 42, ta ƙara da kason CNSS, ga haya ga wuta ga buhun shinkafa, to an ce mata ta ajiye aikin ne ta zauna gida. Wuraren renon yara kaɗan ne, masu kyaun kuma na masu hali ne. A taƙaice, aikin da mata masu ilimi ke yi wa ƙasa a aji da asibiti yana tsaye ne a kan aikin ƙananan ƴan matan da ba su shiga aji ba. Gwamnati na cin moriyar wannan araha ba tare da ta taɓa sa shi a kasafinta ba.

Tsoron da ke zuciyar uwar ɗaki shi ma na gaske ne. Ta bar jaririnta da tukunyar gas da makullin ɗakinta a hannun wadda ba ta san ko sunan mahaifinta ba, ba ta da takardar haihuwa balle katin ɗan ƙasa. Idan wani abu ya faru, lambar dillaliya kawai gare ta. Sai dai wannan tsoron hujja ce a kan ɗaukar ƙananan yara, ba hujjar ci gaba da shi ba. Wanda ya damƙa jariri ga ƴar shekara 11 ya san ba don ƙwarewarta ya zaɓe ta ba, don arha ne da kuma rashin baki.

A can saman kasuwar kuma, inda maza suka fi yawa, wato kuku da boyi da direba da mai gadi, iska ta sauya tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Sojojin Faransa sun kammala ficewa a Disamban wannan shekara, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a Janairun 2024, sojojin Amurka sun bi baya a Satumban 2024, ayyukan ƙungiyoyin waje da dama kuma sun ragu. Gidajen baƙin da ke tare da waɗannan ma'aikatu su ne suka fi biyan albashi mai kauri da yi wa ma'aikaci rajista. Kukun da ya saba da takardar albashi, idan ya rasa irin wannan gida, dole ya sauko ya yi gogayya a kasuwar da ba a san takarda ba, a daidai lokacin da rashin tsaro a jihar Tillaberi ke ƙara turo masu neman kowane irin aiki zuwa Yamai. Masu nema sun ƙaru, gidajen da ke biya da kyau sun ragu. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a san wanda zai ji a jikinsa.

Doka na nan, mai kai ta cikin gida ne babu

A rubuce Nijar ba ta baya. Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar yaro aiki kafin shekara 14, ta haramta aikin tilas, ta ba ma'aikaci hutun awa 24 a kowane mako da hutun shekara mai albashi. Rashin takardar kwantiragi ba ya soke waɗannan haƙƙoƙi. Ƙasar ta amince da yarjeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, OIT, mai lamba 138 kan shekarun fara aiki da mai lamba 182 kan munanan ayyukan yara, kuma a 2015 ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da sabuwar yarjejeniyar yaƙi da aikin tilas ta 2014. Akwai dokar hana fataucin mutane ta Disamban 2010, akwai kuma dokar Disamban 2017 da ke neman kare karatun ɗiya mace.

Wadda ta rage ita ce yarjejeniya mai lamba 189, wadda OIT ta amince da ita a Geneva ranar 16 ga Yunin 2011 musamman domin ma'aikatan gida. Ƙasashen Afirka irin su Afirka ta Kudu da Gini da Madagaska da Namibiya da Saliyo sun sa hannu, Nijar ba ta kai ga haka ba. Abin lura shi ne tanade-tanadenta sun faɗa daidai kan ciwon da ake fama da shi a nan: a sanar da ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa ta hanyar da zai gane, a biya shi da kuɗi, kai tsaye a hannunsa, aƙalla sau ɗaya a wata, ya riƙe takardunsa da kansa, kuma kada a tilasta masa zama cikin gidan a ranar hutunsa. Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Rahoton OIT na 2021 ya ƙiyasta ma'aikatan gida miliyan 75,6 a duniya, kusan takwas cikin goma ba su da rajista.

Amma ko an sa hannu gobe, sufetocin ƙwadago ba su da yawa, ofisoshinsu na manyan garuruwa ne, kuma gida ba masana'anta ba ce da za a shiga bincike ba da izini ba. Yarinyar da ba ta san akwai wani ofishi mai wannan suna ba, ba ta jin Faransanci, ba za ta je can ba. Inda take zuwa, idan ta samu mai raka ta, shi ne wajen mai unguwa, ko limamin masallaci, ko sarkin ƴan garinsu mazauna birni. Waɗannan su ne ke yanke mafi yawan hukuncin aikatau a ƙasar nan, ba tare da wani ya ba su ko takarda ɗaya da ke bayyana abin da doka ta ce ba.

Nan ne gyara mafi araha yake. Tilasta SMIG a kowane gida yau, ba tare da la'akari da aljihun masu ɗauka ba, zai iya haifar da akasin abin da ake so: a sallami manyan mata masu albashi, a aika ƙauye a ɗauko ɗiyar ƙanwa da sunan riƙo, wadda ba a biyan ta ko dala kuma ba mai ganin ta. Abin da ba ya buƙatar ko sisi daga baitulmali shi ne a daina ƙulla aikatau a ɓoye. A yi cinikin gaban mai unguwa ko wani shaida da ba dillaliya ba, a faɗi shekarun yarinya, da aikin, da kuɗin, da ranar hutu. Idan za a yi ajiya, a rubuta kowane wata a littafi biyu, ɗaya a hannun shaida. Inda kuɗin ke tafiya ƙauye, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza suna ba da rasit mai kwanan wata, wanda ya fi rantsuwa amfani ranar gardama. Wannan kariya ce ga uwar ɗaki ma, domin ita ce za ta fara samun sunan mahaifi da garin wadda ta bar wa ɗanta, kuma ba mai zuwa daga baya ya ce ta ci kuɗin marainiya.

Gidan da ba zai iya biyan babbar mace cikakken wata ba yana da wata hanyar da aka riga aka sani: matan da ke zuwa wankau ko shara sau biyu ko uku a mako, a biya su nan take, su wuce gida na gaba. Mace ɗaya mai gidaje huɗu takan haɗa abin da ya fi na mai kwana a gida ɗaya, kuma da yamma tana komawa wajen ƴaƴanta. Abin da wannan tsari bai magance ba shi ne reno, kuma nan ne ƙananan hukumomi da ma'aikatun da ke ɗaukar mata aiki ke da abin yi, idan da gaske ana son raba ƴar shekara 11 da goyon ɗan wani.

Ƴan matan da suka sauka bayan girbin bana za su fara ɗaure kaya a watan Mayu ko Yuni, da zarar hadari ya fara haɗuwa kuma iyaye sun aiko a zo shuka. A makonnin nan ne ake buɗe lissafin ajiya, kuma a nan ne masu unguwanni a Zariya ta Maraɗi, da Garin Malam ta Damagaram, da Bukoki ta Yamai za su sake karɓar ƙararrakin da babu shaida a cikinsu sai bakin mutum biyu, ɗaya mai gida, ɗaya kuma motar garinsu na jiran ta a tasha.